Yadda ake neman takardun kotu da labarin wanda aka kama a jihar Tawa

Mutumin da ya taso daga wani ƙauye na Adar domin ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki bayan an kama shi, ko domin ya karɓi wata takarda ta kotu, abin da ya fi wahalar da shi shi ne rashin sanin ƙofar da zai nufa. A Nijar babu wani ofishi guda da aka tara labarin kamu da na shari'a na kowa da kowa, wanda mutum zai shiga ya ce a duba masa sunan wane. Bayanan suna rarrabe ne tsakanin wurin da aka fara tsare mutum, da ofishin mai shigar da ƙara na gwamnati, da ofishin magatakardan kotu, da gidan kaso, kuma kowane ɗaya yana da abin da doka ta yarda ya faɗa da wanda ta yarda a faɗa wa. Dokar da ta tsara wannan ita ce dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta shekarar 1961, wadda aka yi wa gyare-gyare sau da yawa tun daga lokacin.

A fara da sanin kotunan. Jihar Tawa tana da manyan kotuna biyu, ɗaya a birnin Tawa ɗaya a Ƙwanni, sannan akwai ƙananan kotuna a gundumomi irin su Madawa, Buza, Keita, Illela, Abalak da Cintabaradan, akwai kuma kotun ɗaukaka ƙara a Tawa. Shari'ar laifi galibi tana zuwa ne kotun da laifin ya auku a yankinta, ko wadda aka kama mutumin a yankinta, saboda haka wanda aka kama a kasuwar wani gari na gundumar Buza, a Buza ya kamata a fara nemansa, ko da iyalinsa suna zaune a Tawa.

Idan kamun sabo ne, wurin farko shi ne ofishin jandarma, domin su ne suke riƙe da karkara, ko ofishin ƴan sanda idan cikin gari ne. Kowane ɗayansu yana da littafin da ake rubuta sunan wanda aka tsare da rana da sa'ar da aka fara tsare shi. Ba za a miƙo maka littafin ka karanta ba, ba kuma za a ba ka kwafin bayanin da aka ɗauka daga bakinsa ba, domin bincike sirri ne a wannan mataki. Abin da ya dace ka tambaya cikin ladabi, bayan ka nuna katinka na ɗan ƙasa kuma ka faɗi dangantakarku, shi ne ko yana wurin, da ranar da aka kawo shi, da irin laifin da ake tuhumarsa da shi, da ranar da ake sa ran kai shi kotu. Ranar kamun tana da muhimmanci ƙwarai, saboda a laifuka na yau da kullum doka ta ba jami'an bincike sa'o'i 48 ne, kuma ba a ƙara wasu 48 ɗin sai da izinin mai shigar da ƙara. Laifukan da suka shafi ta'addanci suna da nasu wa'adin da ya fi wannan tsawo. Wanda aka kama yana da ƴancin lauya tun daga lokacin kamun, bisa ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, suka amince da ita a 2014. Ina ba da shawara mai ƙarfi cewa ɗaya daga cikin dangi, wanda ya iya rubutu, ya riƙe ƙaramin littafi tun daga wannan rana, ya rubuta kwanan wata da sa'a da lambar takardar binciken idan an faɗa masa, domin bayan wata uku babu wanda zai tuna ko Talata ce ko Laraba, kuma magatakarda da lamba yake aiki.

Daga nan fayil ɗin yana komawa hannun mai shigar da ƙara, inda ake rubuta shi a littafin ƙararraki a ba shi sabuwar lamba. Shi ne yake yanke shawarar abin da zai biyo baya: ko ya ajiye maganar ba tare da an ci gaba ba, ko ya kai ta gaban kotu kai tsaye, ko ya miƙa ta ga alƙalin bincike idan laifin babba ne ko yana da sarƙaƙiya. Wanda ya kai ƙara saboda an sace masa dabba ko an ji masa rauni, a wannan ofishi zai tambayi inda ƙararsa ta kwana, riƙe da ranar da ya kai ta da sunan ofishin da ya karɓe ta. Idan maganar tana hannun alƙalin bincike, lauyan wanda ake tuhuma da lauyan wanda aka cuta ne suke iya duba fayil, dangi kuwa sai dai su san ɗakin alƙalin da lambar fayil. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, kada ya yanke ƙauna: akwai hukumar ƙasa mai taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, wadda ake kira ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011, kuma tana da ofisoshi a manyan kotuna. Tambayar inda ofishinta yake ba ta cin ko dala.

Gidan kaso ba ya karɓar mutum sai da takardar umurnin tsarewa daga alƙali ko mai shigar da ƙara, kuma ana rubuta shi a littafin shiga tare da ranar zuwansa. Izinin ziyarar wanda ba a yanke wa hukunci ba tukuna, daga hannun alƙalin da yake riƙe da maganarsa ake nemansa. Ranar da aka sake shi, ya adana takardar sallamar da aka ba shi kamar yadda yake adana takardar gonarsa.

Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, kowa yana iya shiga ya saurara, in ban da shari'ar yara da wadda alƙali ya ba da umurnin a yi a rufe. Bayan an yanke hukunci, kwafinsa yana ofishin magatakarda, wanda aka rubuta Greffe a ƙofarsa. Wanda aka yi wa shari'ar da wanda ya shiga cikinta yana neman diyya suna iya neman kwafi, ko gajeren tsakure ko cikakken hukuncin, bayan biyan kuɗin da aka ƙayyade. Ka je da cikakken sunan mutumin, da ranar da aka yanke hukuncin, da lambar fayil. Magatakarda zai jawo babban littafin shekarar ya bi layi da yatsa har ya kai ga ranar, kuma wanda ya zo da "wajen kaka ne, bayan Sallah" zai daɗe a tsaye. Sau da yawa alƙali yana faɗin hukunci da baki kafin a kammala rubuta shi, don haka ana iya ce maka ka dawo. A nan ne mutane suke yin asara mai ciwo, domin wa'adin ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi kwana 10 ne, kuma ga wanda aka yanke hukuncin a gabansa, daga ranar hukuncin yake fara tafiya. Wanda bai gamsu ba ya sanar da ɗaukaka ƙararsa a ofishin magatakarda cikin waɗannan kwanaki, kada ya zauna jiran kwafi. Wanda yake tsare yana iya sanarwa ta hannun hukumar gidan kason.

Takardar da aka fi nema a cikin dukkan waɗannan ita ce ta shaidar rashin laifi, wadda kowa ya sani da kaziye, wadda ake buƙata wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati, da shiga soja ko jandarma, da wasu ayyuka masu zaman kansu. Ba a kotun garin da kake zaune ake ajiye ta ba, a kotun da garin haihuwarka yake ƙarƙashinta ne. Idan aka yanke wa mutum hukunci a Yamai alhali a Keita aka haife shi, ana aika bayanin hukuncin zuwa kotun mahaifarsa a sa shi cikin kundinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibin da yake karatu a Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa, yakan ga dole ya waiwayi gida kafin ya haɗa takardunsa. Kaziye kashi uku ne. Lamba 1 ta alƙalai ce kaɗai, lamba 2 ta wasu ma'aikatun gwamnati ce, lamba 3 kuwa ita ce ake ba mai ita, ba a kuma ba wani dabam. Saboda haka mai neman ɗaukar ma'aikaci, ko mai binciken wanda ya zo neman auren ƴarsa, ba shi da hanyar zuwa kotu ya karɓi kaziyen wani, sai dai ya roƙi mutumin ya kawo da hannunsa. Ni a ganina wannan kariya ce mai kyau, domin a ƙauye magana ɗaya tana iya bin mutum har tsufansa.

Abin da ake zuwa da shi shi ne takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da yake maye gurbinta ga wanda ba a yi wa rajista ba lokacin da aka haife shi, tare da katin ɗan ƙasa da kuɗin tambur. A tambayi adadin a wurin magatakarda da kansa, a biya a inda ya nuna, a karɓi rasit. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su hanzarta aiki ba su da wani matsayi a kotu, kuma abin da suke karɓa ƙari ne a kan abin da doka ta sa. Wanda yake nesa ya fara aika wani ya tambayi ofishin ko yana karɓar buƙata a rubuce tare da takardar wakilci, kafin ya kashe kuɗin mota. Kuma kada a karɓe ta da wuri fiye da kima, domin yawancin masu buƙatarta suna sharɗanta kada ta wuce wata 3 da fitowa. Gara a je da safe a farkon mako, tun da ranar Juma'a ma'aikatu suna tashi da wuri.

Kafin ka bar ofishin, ka karanta takardar ko ka sa a karanta maka. A duba sunanka da na mahaifi da na mahaifiya, da shekara da wurin haihuwa, a tabbatar sun yi daidai da takardar haihuwa harafi da harafi, domin a yankinmu suna ɗaya ana rubuta shi Mahamadou a wata takarda, Mamane a wata, kuma mutane da yawa an rubuta musu shekarar haihuwa da ƙiyasi. Irin wannan saɓani yana sa a mayar da fayil ɗin ɗalibi a ranar ƙarshe, yana kuma iya sa a ɗora wa mutum hukuncin mai sunansa. Idan babu komai a kundin, za a rubuta Néant. Idan an ga hukuncin da ba na mutum ba, ana kai koke a rubuce ga mai shigar da ƙara domin a bi hanyar gyara.

Mutane da yawa suna tsoron neman kaziye saboda an taɓa tsare su kwana biyu a ofishin jandarma kan rigimar gona ko faɗan kasuwa. Kamu kaɗai ba ya shiga kaziye, haka ma ƙarar da aka ajiye, da shari'ar da aka wanke mutum a cikinta, da sulhun da hakimi ko sarki ya yi tsakanin manomi da makiyayi kan ɓarnar amfanin gona. Abin da yake fitowa a lamba 3 shi ne hukuncin ɗauri da kotu ta yanke wanda ya tabbata. Afuwar da shugaban ƙasa yake yi wa fursunoni tana rage zaman kaso ne, hukuncin yana nan a rubuce. Wanda ya gama zamansa, ya biya tara da diyya, ya kuma yi shekarun da doka ta ƙayyade ba tare da sabon laifi ba, yana iya neman kotu ta maido masa da mutuncinsa a hukumance, abin da yake sa hukuncin ya daina fitowa a takardarsa. Ana shigar da wannan buƙata ta ofishin mai shigar da ƙara na inda mutum yake zaune, tare da kwafin hukuncin, da takardar sallama daga gidan kaso, da rasit ɗin biyan tara.