Yadda ake shirya yini ɗaya tsakanin fadamar kadoji da gandayen bayi a New Orleans

Sau uku ke nan ina kai baƙi wannan tafiya, kuma a karon farko ban yi ta daidai ba. Na sayi tikiti a teburin otal, na zaɓi wanda hotonsa ya fi kyau, muka shafe awa ɗaya a wani katafaren gida ana nuna mana gadaje da madubai da cokulan azurfa. Mai yi mana jagora ta riƙa cewa "ma'aikatan gidan", ba ta furta kalmar bayi ba sai da ƙanina ya tambaye ta. Muka koma mota zuciyata ba daɗi. Tun daga ranar na gane cewa gandun da za ka ziyarta shi ake fara zaɓa, jirgin fadama ya biyo baya.

Ga yadda abin yake. Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin New Orleans, a jihar Louisiana ta Amurka, suna haɗa abu biyu a yini ɗaya: shiga jirgin ruwa cikin fadama don ganin kadoji da tsuntsaye, da ziyarar ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen rake da ke bakin kogin Misisipi. Mota takan ɗauke ka a ƙofar otal wajen ƙarfe 8 na safe, ta dawo da kai da la'asar sakaliya. Ka tanadi sama da dala 100 ga kowane mutum, ban da abinci da tukwici. Daga birni zuwa garin Vacherie, inda fitattun gandayen suke, tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Gandaye uku aka fi kai mutane, kuma ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Oak Alley shi ne wanda ake gani a hotuna: manyan itatuwa 28 a layi biyu, rassansu sun haɗe sun yi rumfa tun daga bakin kogi har ƙofar gida. An gama ginin a 1839, kuma bayi ne suka yi aikinsa. Wurin yana da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Yanzu sun sake gina ɗakunan bayi a bayan gidan, suna ba da labarinsu, har da na wani bawa mai suna Antoine, gwanin lambu, wanda a 1846 ya yi nasarar yi wa itacen pecan, mai 'ya'ya masu ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, aure, abin da ya buɗe hanyar noma shi don kasuwa. Sai dai wannan ɓangaren kai za ka zaga da ƙafarka, kuma idan motarku ta ba ku awa ɗaya da rabi kacal, yawancin mutane a ɗaukar hoto lokacin ke ƙare musu.

Laura, da ke kusa da shi, gidan mutanen Kiriyol ne, wato haifaffun Louisiana masu jin Faransanci, an gina shi a 1805, mai fenti kala-kala. Jagororinsa sun iya ba da labari, kuma suna kiran bayin da sunayensu. A wannan yanki ne wani malami, Alcée Fortier, ya tattara tatsuniyoyin da baƙaƙen fata ke faɗa da harshen Kiriyol, na wayon zomo da wautar abokinsa Buki. Da Wolofanci, harshen Senegal, buki na nufin kura. Ranar da na ji wannan sai da tsigar jikina ta tashi: tatsuniyar zomo da kura ce ta haye teku a bakin mutanen da aka ɗaure.

Whitney shi ne wanda nake kai kowa yanzu. An buɗe shi ga jama'a a Disamba 2014 a matsayin gidan tarihin bauta, kuma masanin tarihi ɗan Senegal, Dakta Ibrahima Seck, shi ya jagoranci binciken da aka gina shi a kai. A nan babban gidan ba shi ne abin kallo ba. Da shigarka za a ba ka kati ka rataya a wuya, ɗauke da sunan wani da aka haifa cikin bauta da ɗan abin da ya faɗa da bakinsa lokacin da aka yi hira da tsofaffin bayi a shekarun 1930. Za ka shiga ɗakunan katako da suka kwana a ciki, ka ga kurkukun ƙarfe, ka ga manyan tukwanen da ake dafa ruwan rake. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake yin mazarƙwaila ya san zafin wannan aiki. To a can lokacin girbi, daga Oktoba zuwa Disamba, wutar ba ta mutuwa dare da rana. Akwai fili da aka keɓe don yara 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan gunduma kaɗai. Akwai kuma dogayen bangaye ɗauke da sunaye kimanin 107,000, waɗanda aka samo daga aikin masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall, wadda ta bi takardun kotu da na cinikayya na Louisiana tana fitar da sunan kowane bawa da asalinsa. A cikin ƙabilun da takardun suka ambata akwai Bambara, Wolof, Mandinka, Fulani, Yarbawa, Ibo, akwai kuma Hausawa. Ka ba wannan bangon lokaci. Ni na fi rabin awa a gabansa ina bin sunaye da yatsa.

Don haka kafin ka biya, ka tambayi kamfanin abu uku da bakinka ko ta waya: wane gandu ne, minti nawa za a ba ku a ciki, kuma kuɗin shiga yana cikin tikitin ko a'a. Ƙasa da awa ɗaya da rabi a Whitney ba zai ishe ka ba. Ka duba ranakun da wurin yake buɗe, domin lokacin da na je na ƙarshe ba ya buɗewa ranar Talata.

Sai maganar jirgi. Iri biyu ne. Akwai mai rumfa, mai faɗi, wanda ke tafiya a hankali da mutum ashirin ko fiye. Za ka ji duk abin da matuƙin ke faɗa, rana ba ta dukanka, tsofaffi da yara suna iya shiga. Akwai kuma jirgin farfela, wanda ke da ƙatuwar fanka a baya tana tura shi a kan ruwa da ciyayi da gudu. Wannan ya fi tsada, ba shi da inuwa, ƙararsa kuwa sai an ba ka abin toshe kunne. Yana kutsawa lungunan da mai rumfa ba zai iya ba, amma ba a yarda mai juna biyu ta shiga ba, haka ƙananan yara, kuma mai ciwon baya ya haƙura. Da na kai mahaifiyar matata mai rumfa muka shiga, kuma ni kaina shi na fi so, saboda ƙarar farfela tana korar tsuntsaye kafin ka ƙaraso.

Fadamun da ake zuwa su ne Manchac, kusa da garin LaPlace, wadda ke kan hanyar gandayen, shi ya sa aka fi haɗa ta da su. Barataria a kudancin birni. Da Honey Island a gabas, wajen garin Slidell, wadda ta fi su zama daji sosai amma ta yi nesa da gandayen, sai ka ƙara zama a mota. In yini ɗaya kake da shi, ka ɗauki ta kusa.

Kadojin can ba irin na kogunanmu ba ne. Bakinsu ya fi faɗi, launinsu ya fi duhu, babban namiji yakan kai mita 4. An taɓa kusan ƙarar da su saboda fatarsu har jihar ta hana farautarsu a 1962. Yau sun haura miliyan 2 a daji. Amma ganinsu ya danganta da yanayi. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sukan lafe cikin laka su daina cin abinci, kana iya zagawa awa biyu ka ga ɗaya ko biyu. Daga Yuni zuwa Satumba suna nan birjik, sai dai zafi da gumi da sauro ba sa ɗaga ƙafa, kuma lokacin mahaukaciyar guguwa ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba, su ne zaɓina. Ban da kada za ka ga kififiya a jere kan kututture, balbela da zalɓe, aladun daji a bakin ruwa, da itatuwan saifires tsaye cikin ruwa, wata ciyawa mai launin toka tana reto daga rassansu kamar gemun tsoho.

Wasu matuƙan suna jefa wa kadoji alewa ko nama don su yi tsalle, wasu su miƙo jaririn kada a riƙa ɗaukar hoto da shi. Ba na son wannan. Dabbar da ta saba ganin jirgi ta zo neman abinci ta daina tsoron mutum, kuma ƙarshenta ba ya kyau. Ka tambaya tun farko. Akwai masu jirgin da ba sa yi. Hannunka kuma ya zauna cikin jirgi, na yaranka ma haka.

In an ba ka zaɓi, ka fara da gandu da safe, ka shiga fadama da rana. Dalili na farko shi ne yawancin zagayen Whitney a fili yake, gara ka yi shi kafin rana ta take. Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Gandayen nan dogaye ne sirara, goshinsu a bakin kogi, bayansu yana ƙarewa cikin fadama. Bayi ne ke shiga ruwan nan har ƙugu su saro saifires da aka gina gidajen da shi. Kuma nan ne wanda ya gudu yake nufa. Akwai waɗanda suka yi shekaru a ciki suna kamun kifi, suna sayar da katako a ɓoye. Fitaccen shugabansu a zamanin mulkin Sifaniya, Juan San Malo, an kama shi an rataye shi a New Orleans a 1784. A Janairu 1811 kuma, daga wani gandu a LaPlace, Charles Deslondes ya jagoranci ɗaruruwan bayi suka nufi birni, tawaye mafi girma a tarihin bautar Amurka. An murƙushe su cikin kwana biyu, waɗansu suka faɗa fadama aka bi su da karnuka, aka yi wa waɗansu shari'a a gandun Destrehan, aka kafa kawunansu a kan sanduna a bakin kogi. Whitney yana da wurin tunawa da su. Idan ka ga wannan da safe, sannan da rana matuƙi ya kashe inji a tsakiyar itatuwa, shiru ya sauka, ba irin kallon da sauran fasinjoji ke yi za ka yi wa ruwan ba. Yawancin matuƙan ba za su kawo maganar ba, kai ka tambaye su.

Abinci yana son kula. Girkin Louisiana cike yake da naman alade, ko da ba ka gan shi a fili ba. Gumbo, miyar da ake yawan sa wa kuɓewa, da jambalaya mai kama da dafa-duka, da wake da shinkafa, kusan duka ana sa musu tsiran alade da ake kira andouille, kuma LaPlace ce cibiyarsa. Ko an ce maka gumbon kifi ne, ka tambaya. Abin da nake ci shi ne soyayyen tarwaɗa ko jatan lande cikin burodi. Lemon na'ana'a mai ƙanƙara da ake sayarwa a barandar wasu gidajen barasa ne a ciki. Tasha don cin abinci gajera ce, shi ya sa nake sa dabino da gyaɗa da ruwa a jaka. Azahar za ta same ka a hanya; ka riƙe alwala, ka ɗauki ƙaramar sallaya, ka gaya wa direba kana buƙatar minti biyar. Ban taɓa samun wanda ya hana ni ba.

Ka sa takalmi rufaffe, hula mai igiya in jirgin farfela za ka shiga, man sauro, da 'yar rigar ruwa, domin hadarin can ba ya sallama. Ka riƙe tsabar kuɗi: al'adar ƙasar ce a ba direba da matuƙi da jagora tukwici, kuma kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiya ake rabawa a tsakaninsu.

Idan kun kai mutum huɗu kuma akwai mai lasisin tuƙi, hayar mota ta fi sauƙi. Ku sayi tikitin gandu da na jirgi daban ta intanet, ku bar aƙalla awa ɗaya a tsakani. Da motarku za ku iya bin tsohuwar hanyar bakin kogi a hankali, inda gonakin rake suke har yau, a tsakaninsu kuma manyan masana'antun mai da sinadarai da suka mamaye filayen tsofaffin gandaye, a gefen ƙauyukan jikokin bayin. Ku tsaya ku hau jingar da ta tare kogin ku ga Misisipi da idonku, don daga kan titi ba a hango ruwan ko kaɗan.