Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tsoffin taswirorin Ingila da tarihin killace gonaki

Abin da ke fara ka da mutum shi ne shingayen nan. Ka ga hoton ƙauyen Ingila a intanet, gonaki a yanke tsaf kamar an sa rula, an zagaye su da shingen ƙaya kore shar, sai ka ɗauka haka suke tun kaka da kakanni. To a tsakiyar ƙasar dai ba haka ba ne, yawancinsu tsakanin 1750 da 1850 aka dasa su, lokacin da majalisa ke ta zartar da dokokin killace filaye ƙauye bayan ƙauye. Kafin nan ƙauye na da manyan filaye biyu ko uku ba shinge, kowane magidanci yana da dogayen yankuna sirara a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, ana barin fili ɗaya ya huta duk shekara. Idan kana son gane tsohon tsarin sai ka duba hoton da aka ɗauka daga sararin sama, za ka ga sawun kunyoyin garmar shanu sun ɗan karkace sun ratsa ta ƙarƙashin shingen da ya miƙe sak, to kunyar ce babba, shingen yaro ne. Ƙauyen Laxton a Nottinghamshire har yau suna noma a kan tsohon tsarin.

Sai kuma masu cewa ai majalisa ce ta fara abin, su ma sun zame. Tun 1235 dokar Merton ta ba ubangidan ƙasa damar killace wani ɓangare na dajin kiwo muddin ya bar wa talakawansa abin da zai ishe su. Bayan annobar 1348 mutane sun ragu, ƙwadago ya yi tsada, ulu kuma na kawo kuɗi, sai masu ƙasa suka riƙa mayar da gonaki wurin kiwon tumaki, wasu ƙauyukan ma aka tashe su gaba ɗaya irin Wharram Percy a Yorkshire wajen shekarar 1500. A 1549 mutanen Norfolk ƙarƙashin Robert Kett sun fito suna tumɓuke shingaye. Saboda haka idan ka ga an ce an killace wuri, tambayi wane ƙarni, don na tumaki daban, na majalisa daban.

Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne fassara filin gama-gari da cewa fili ne da ba mai shi. Yana da mai shi mana, galibi ubangidan ƙauyen ne, abin da talaka ke da shi haƙƙin amfani ne, ya saki saniyarsa ta yi kiwo, ya yi itacen girki, ya kai aladu su ci 'ya'yan itace a daji, bayan girbi kuma a saki dabbobi cikin gonaki kamar yadda ake sakin shanu su ci kara a wajenmu. Da aka zo rabo wanda ke da shaidar haƙƙi ya samu ɗan yanki, shi ma sai ya biya kuɗin shinge da na masu awo, da yawa suka sayar. Wanda al'ada ce kawai ta ba shi, ba takarda, ya tashi a tutar babu. In ba ka gane wannan ba za ka yi ta neman gonar da aka ƙwace a taswira ba za ka gani ba, don haƙƙi ba ya fitowa a zane.

Taswirorin kansu ma akwai tarko. Littafin Domesday na 1086 ba taswira ba ne, ko zane ɗaya babu, lissafin dukiya ne da Sarki William ya sa aka yi don haraji, kuma London ma ba ta ciki. Taswirar Hereford ta wajen 1300 gabas ce a sama, Ƙudus a tsakiya, don wa'azi aka zana ta, kar ka auna nisa da ita. Taswirorin gundumomi na mai zanen taswira Christopher Saxton sai tsakanin 1574 da 1579, su ma ba su nuna gonaki ba. Waɗanda ke nuna gona-gona da sunan mai ita yawanci na bayan 1836 ne, lokacin da aka mayar da ushirin coci kuɗi, wato sun zo bayan an riga an killace wurare da yawa. Duba shekarar da aka yi awo, ba shekarar bugu ba, ka kuma duba wa ya biya mai zanen.

Ƙaramin abu ɗaya: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take farawa, to takardar da aka rubuta Fabrairu 1606 a lissafinmu 1607 ce, ka gyara kafin ka jera ta da sauran.