Ɗaukar Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Tsohuwar Peugeot 504

'Yan uwa masu kai jirgin wasa ƙauyukan Ringim sun yawaita tambayar yadda za a ɗauke shi a mota ba tare da ya lalace ba. Ga matakan:

1. Auna but ɗin motar kafin a yanko katako.
2. Kafe layin dogon a jikin katakon.
3. Sauke injin jirgin da taragwai daga kan layin.
4. Naɗe kowanne da tsumma.
5. Shimfiɗa tsohuwar katifa a but.
6. Kwantar da katakon a kai. Hattara! Kada a ɗora masa buhu ko safayar taya. Tsakanin ƙarafan layin HO (wato wani ma'aunin girman jiragen ƙasa na wasa) milimita 16.5 ne kacal, in suka ɗan lanƙwashe jirgin gocewa zai yi.
7. Lulluɓe da leda, musamman lokacin hunturu.
8. Bi hanyar burji sannu.
9. Goge ƙarafan kafin ka jona wuta, ƙura na hana injin tashi.