Tsohon injin shuka na tarakta: sassansa da yadda ake saita shi

Tsofaffin injinan shuka da tarakta ke ja, irin John Deere 494 mai layi huɗu ko 71 da ake ɗaurawa ɗaya-ɗaya a jikin sandar ƙarfe, an ƙera su ne a Amurka, galibi don masara. Shi ya sa tazarar layinsu ke kaiwa wajen mita ɗaya, ramukan faifansu kuma girman ƙwayar masara ne. Manomin Damagaram da zai shuka hatsi, dawa, wake ko gyaɗa sai ya gyara saitin kafin ya shiga gona, in ba haka ba asarar iri kawai zai yi.

Kowane layi yana da tukunyar irinsa. A ƙasan tukunyar akwai faifan iri, wani zagayayyen ƙarfe ko roba mai ramuka a gefe. Faifan na juyawa, kowane rami ya ɗauki rabonsa, wani ɗan harshen ƙarfe mai sifirin ya share abin da ya yi yawa, wani kuma ya tunkuɗa ƙwayar ta faɗa bututu. A ƙasa akwai abin tsaga ƙasa, wanda a wasu injinan doguwar wuƙa ce mai lanƙwasa, a wasu faifai biyu ne masu kaifi, sai taya ta baya da ke rufe iri ta danne. Injin tarakta ba ya juya faifan iri. Tayar da ke taka ƙasa ce ke juya shi ta hanyar sarƙa da giya mai haƙora, don haka in tayar ta tsaya ko ta zame, shuka ta tsaya ko da tarakta na tafiya.

Faifan nan shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa, tun kafin fenti. A sa ƙwayar iri a ramin da hannu. In ramin ya yi mata kaɗan za a samu giɓi a layi, in ya yi yawa biyu za su shiga, harshen ƙarfen ya fasa ɗaya. Gyaɗa ta fi shan wannan wahala domin ɓawonta na ciki siriri ne, in ya saluɓe ko ƙwayar ta rabu biyu ba za ta tsiro ba. A tankaɗe iri girmansa ya zo ɗaya, ƙananan ƙwayoyi kamar na irin gyaɗar da ake kira 55-437 ba a haɗa su da manya. Hatsi kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, faifan masara zuba shi zai yi kamar rariya. Ana neman faifai marar huda, maƙeri ya huda ramuka kaɗan masu nisa da juna, ta yadda kowanne zai saki 'yan ƙwayoyi wuri guda, a samu tazarar santimita 80 zuwa mita ɗaya da aka saba. Bayan tsiro a rage, a bar uku.

Ga gwajin da ake yi a gida. A ɗaga injin har tayar ta bar ƙasa, a auna kewayenta da igiya, a yi mata alama da alli. A ce kewayen mita ɗaya da rabi ne: juyi goma ya zama mita 15. A shimfiɗa buhu a ƙarƙashin bututu, a juya tayar sau goma a hankali, a ƙirga abin da ya zubo. Gyaɗar da ake so santimita 15 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ɗari ya kamata a samu. In an samu saba'in, a sauya giyar da za ta ƙara wa faifan sauri, ko a sa faifai mai ramuka da yawa. A yi wa kowace tukunya nata gwajin, don ba sa zubar da iri daidai. A jigawa taya na zamewa cikin rairayi, saboda haka a sake tone mita goma na farko a gona a ƙirga.

Zurfin hatsi kada ya wuce santimita 3, dawa da wake 3 zuwa 5, gyaɗa wajen 5. Gudu kuma kada ya wuce kilomita 5 ko 6 a awa. Direbobi na son sauri, musamman in haya ce, amma faifan da ke juyi da gaggawa ba ya samun cika ramukansa. Ba a ja da baya injin na ƙasa, bututu zai toshe da danshin ƙasa, a yi layi guda ba iri ba a sani ba. Yana da kyau mutum ɗaya ya bi bayan injin yana kallon bututun.

Layukan gyaɗa santimita 40 zuwa 50 ake so, kuma a nan injin 71 ya fi, tunda ana kwance noti a matso da kowane layi. Hannun alama da ke zana ƙasa a gefe don direba ya san inda zai bi in ya juyo, shi ma sai an sake auna tsawonsa duk lokacin da aka sauya tazara.

In injin na da tukunyar taki, a tabbata takin na sauka gefen iri, kamar santimita 5, domin in ya taɓa iri yana ƙona shi. Takin da ya kwana a tukunya yana jan danshi ya ci ƙarfe, a juye shi kowace yamma. Giris a kan sarƙa yana kama rairayi ya cinye haƙoran giya, gara a goge ta a ɗiga mai kaɗan. Bayan shuka a cire faifan, a wanke, a rataye su a ƙusa cikin ɗaki, a rubuta sunan iri a jikin kowanne.