Kafin a fara yanka: kurakuran ɗora zane a kan azurfa da tagulla

Dattawan maƙeran fari na Wadata a Yamai, da na rumfunan gidan tarihi na Boubou Hama, da yawansu ba ruwansu da takarda. Zanen abin wuyan Agadas ko na Tawa yana cikin kansu, tsinken ƙarfe na zane kawai suke ɗauka. Amma yau mai saye da waya yake zuwa, ya nuna suna ko tambari ya ce a sa masa a zobe ko munduwa. A nan ne masu koyo suke ɓata azurfa, kuma galibi ɓarnar tana faruwa tun ƙarfe bai ji yanka ba.

Maiƙo ne abokin gaba na farko. Ko da ƙarfe yana ƙyalli, akwai man hannu da ragowar abin gogewa a kansa, zane kuwa ba ya kama maiƙo. A wanke da sabulu, a share da alkol, daga nan a riƙe shi ta gefe kawai.

Sai aikin asiton, ruwan nan mai narkar da tawada da jan farce, inda aka fi shan wahala. Ana kifa takardar da aka buga a kan ƙarfe, a liƙe gefe ɗaya don kada ta motsa, a shafa asiton da auduga a bayanta, tawadar ta sauka. To amma ba kowace tawada ba ce. Ta injin hotokopi ko na leza, wadda take kamar gari, ita ce ke narkewa ta kama. Ta ƙaramin inji mai tawadar ruwa ba ta yi, ko an kwana ana shafawa. In bugun wani shago ya ƙi sauka, a gwada na wani kafin a zargi hannu. Ruwan goge jan farce ma sai an duba, wani akwai mai a ciki, wani babu asiton ko kaɗan.

Yawan jiƙawa shi ke kashe aiki. Audugar ta yi danshi kawai, ba ta riƙa ɗiga ba, in ba haka ba layuka su dagule su zama baƙin tabo. Asiton yana tafasa a digiri 56, saboda haka a zafin watan Afrilu kafin ka ce me ya bushe, sai yaro ya ƙara zubawa. Kada a ƙara. A shiga inuwa mai iska, nesa da wutar maƙera domin asiton yana kama wuta nan take, a danna sosai da bayan cokali, a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa kafin a cire duka. In bai fito ba, a goge a sake, takarda ba ta kai azurfa tsada ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne suna a juye. Kifawa tana juya zane, don haka a buga shi a juye tun daga kwamfuta, a duba a madubi. Hatimi ne kaɗai akasin haka: shi ana so ya kwanta a juye a kan ƙarfe, sai a buga takardarsa daidai.

Mai zane da hannu ya shafa siririn farin fenti na ruwa, ya bari ya bushe sarai, sannan ya zana. In ya yi kauri, ɓarewa yake a gaban kurfi, ƙarfen da ake yankan da shi. Munduwa kuwa, gara a ɗora zanen tun tana miƙe. In an riga an lanƙwasa ta, a tsaga gefunan takardar ko a ɗora zanen gunduwa-gunduwa.

Zane ya sauka, kada a yi gaggawar yanka. Zufa da gefen hannu za su share rabinsa kafin a kai tsakiya. A bi kowane layi da tsinken ƙarfe mai tsini, a hankali, don ƙarcen da ya yi zurfi a wajen layi sai magagari ya ci azurfa kafin ya fita.