Zaɓen Unguwar Zama a Alƙahira: Shawara ga Sabon Zuwa

Yawancin waɗanda suka sauka a Alƙahira karo na farko, akwai ɗan uwa ko ɗan garinsu da ya zo tarbarsu, kuma a inda wannan ɗan uwa yake zaune, nan baƙo kan yada zango. Babu laifi a yi haka na mako biyu ko uku, amma ganganci ne mutum ya sa hannu a takardar hayar shekara guda don kawai a unguwar ya fara kwana. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, kuma tafiyar da za ka gani gajeriya a taswira tana iya cin sa'a biyu idan cunkoso ya kama. Saboda haka, kafin ka tambayi kuɗin haya, ka fara duba abin da ya kawo ka, da wurin da ƙafarka za ta riƙa zuwa kowace safiya.

Ɗaliban Azhar su ne suka fi yawa a cikinmu, kuma su ne suka fi faɗawa wannan kuskure. Wanda ya sami gurbi a Madinatul Bu'us, wato masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke kusa da Abbasiyya, ya huta da neman gida. Saura kuwa sukan kwarara zuwa Hayyul Ashir a Madinatu Nasr, inda haya take da dama-dama, ga 'yan Afirka da 'yan Indonesiya da Malesiya birjik, za ka ji Hausa a bakin titi, kuma ba za ka rasa mai tuƙa tuwo ba. Ga 'yan mata, da masu karatun likitanci ko injiniyanci, wannan zaɓi ne mai ma'ana, domin tsangayoyinsu suna cikin Madinatu Nasr. Amma tsangayoyin Usuluddin da Shari'a da Harshen Larabci na maza suna Darrasa ne, dab da Masallacin Azhar, inda malamai ke zaman karatun littattafai, kuma shagunan littattafai suke jere a lungunan bayan masallacin.

Ni kaina a Hayyul Ashir na yi shekarata ta farko, kuma na ɗauki wani littafin nahawu a gaban malamin da ke zama da sanyin safiya. Sau da yawa nakan iso ana naɗe tabarma, bayan na yi tsayuwar sa'a guda a cikin bas. Da na koma Darrasa, gidan tsoho ne, hawa na biyar babu lif, hayaniyar kasuwa ba ta yankewa sai tsakar dare, amma a wata huɗu na sauke littafin. Wanda ya zo domin zama gaban malamai, a ganina ya haƙura da ƙuncin Darrasa, ya bar ziyarar 'yan gida sai ranar Juma'a.

Masu karatu a jami'o'in kuɗi da ke birnin Sitta Oktoba, su zauna can kawai, domin ya fi kilomita 30 daga tsakiyar gari. Jami'ar Alƙahira tana Giza, don haka Dukki da Bainas Sarayat ne suka dace da ɗalibanta, Jami'ar Ain Shams kuma tana Abbasiyya. Titin Faisal a da shi ne mafakar mai ƙaramin ƙarfi a ɓangaren Giza, sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jama'a suka yi yawa a can, haya ta tashi.

Mai jinya ya fifita kusanci da asibiti a kan komai, ya nemi gida mai kayan ɗaki wanda ake biya wata-wata, a hawan ƙasa ko a bene mai lif da ya ga yana aiki da idonsa. Ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya na 'yan kwanaki kuwa, kusa da Ataba da Muski ya fi masa, domin a tashar Ataba ne layi na 2 da na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu. Wannan jirgi, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne abin hawan da cunkoson titi bai shafe shi ba, kuma yana da taragai na mata zalla. Gidan da ke kusa da tasha ya cancanci ƙarin kuɗin da za a ɗora masa.

Idan ka tsai da unguwa, ka sani cewa dillali, wanda suke kira simsar, yana da tasa la'ada, mai gida kuma zai karɓi kuɗin ajiya da ake ce wa ta'amin, wanda ya kamata a rubuta adadinsa a takarda. Ka nemi takardar haya da sunanka, domin ana iya buƙatar ta wajen neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, a ofishin fasfo, wanda aka mayar Abbasiyya a 2019. Ka yi hira da bawwab, wato mai tsaron bene, domin shi ya san ko ruwa yana hawa sama, ko gas na bututu ne ko na tukunya, ko rana tana shiga ɗakin, abin da za ka gode masa a kai idan sanyin Janairu ya shigo. Sannan kafin ka biya ko sisi, ka fito daga ƙofar gidan da ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi, ranar da Misirawa suke fara aikin mako, ka tafi inda za ka riƙa zuwa, ka duba agogo.