Kafin ka ɗauko kare, da yadda zaka koya mashi jin magana

Yanzu a Katsina duk wanda yayi sabon gini a bayan gari, ko ta hanyar Batagarawa ko ta hanyar Jibiya inda maƙwabta basu gama tarewa ba, bayan katanga da waya shawarar da ake bashi ita ce ya nemi kare. Shawarar ba laifi. Inda ake kuskure shi ne mutum ya zuba kuɗi ya sayo kwikwiyo mai tsada, ya ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ana jefa mashi ragowar tuwo, bayan wata takwas sai a wayi gari da ƙaton kare wanda ko mai gidan bai isa yace mashi bari ya bari ba. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda zai yi haushi in yaji motsi, in kace ya isa kuma yayi shiru. Wanda baya jin maganarka, yaranka da almajirin da ke maku aike sune zasu fara ɗanɗana haƙorinshi kafin ɓarawo.

Mu fara da wane iri zaka ɗauko, don nan ne son burga ke kada mutane. Jaman Shefad, wanda wasu ke cema alsheshan, asalinshi Jamus ne, tun 1899 aka fara rajistar irinshi, kuma in dai maganar ɗaukar horo ce da wuya ka samu kamarshi, shi yasa 'yan sanda da sojoji ke aiki dashi a duniya. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Amma fa kare ne mai son aiki, in ka barshi zaman banza zai tone maka fulawa ya cinye takalman masallaci. Rotwaila shima ɗan Jamus ne, ga ƙarfi ga taurin kai, ba na wanda bai taɓa kiwon kare bane. Bowabul daga Afirka ta Kudu yake, gashinshi gajere ne don haka yafi jure zafinmu, sai dai babba yakan haura kilo 60, ka lissafa abincin da zai ci kullum kafin ka biya kuɗinshi. Shi kuwa Kokeshiyan, mai gashi buzu-buzu ɗin nan da samari ke ɗaukar hoto dashi suna sawa a Facebook, karen duwatsun Kokesas ne inda ƙanƙara ke zuba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kawo shi ba tare da ɗaki mai sanyi ba ni a wurina zalunci ne kawai. Ƙananan nan irin su Lasa na ado ne da ƙararrawa, suna da kunne da baki amma ba zasu tare kowa ba.

Ni in ka tambaye ni, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi karenmu na gida. Mutane na raina shi don suna ganinshi a bola, alhali mafarauta da Fulani makiyaya sun daɗe suna cin moriyarshi, baya laulayi kamar na waje, ya saba da rana, abincinshi kaɗan ne. Akwai ma siririn nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye, Azawak, da ake samu a Nijar da Mali da Burkina Faso, wanda turawa ke saye da tsada, mu kuwa yana nan maƙwabtanmu. Duk horon da zan faɗa a ƙasa karen gida na ɗaukarshi tsaf.

Kada ka amshi kwikwiyo kafin ya cika sati 8 wurin uwarshi, ko mai sayarwa ya matsa maka. A wurin uwa da 'yan uwanshi yake koyon cewa cizo da zafi, in ya ciji ɗan uwanshi da ƙarfi wancan yayi ƙara wasa ya tsaya, to wanda aka raba da wuri bai samu wannan karatun ba. Kuma kaje da kanka kaga uwar. In uwar mai firgita ce ko tana neman cin mutum ba dalili, 'ya'yan sukan ɗebo.

Yana zuwa gida sai asibitin dabbobi. Allurar haɗaka da ke kare su daga cutar farbo da sauransu ana farawa tun sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16. Farbo ɗin nan ita ce ke kashe ƙananan karnuka da amai da gudawar jini cikin 'yan kwanaki, kuma 'yan waje irin Rotwaila sun fi saurin faɗuwa. Allurar haukan kare kuma in ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana katin. Sai maganin tsutsar ciki da na kaska. Dan Allah kada ka bashi farasitamol ko ibufurofen naka don kaga jikinshi yayi zafi, suna iya kashe shi. Haka albasa da tafarnuwa da cakulan da inabi da goro duk guba ne a cikinshi, shi yasa juye mashi ragowar miya kullum ba dabara bace. Dafaffen ƙashin kaza ma yana tsagewa ya soke hanji. Ka samu mahauci guda ku saba, ya riƙa aje maka huhu da tumbi da 'yan guntaye, a dafa ba yaji a haɗa da shinkafa ko tuwo, wani lokacin ƙwai. Kwikwiyo sau 3 ko 4 a rana, babba sau 2. Ruwa kuwa kada ya yanke, a inuwa, don kare baya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi.

To yanzu horon. Abu mafi tsada a rayuwar kare shi ne watanni ukun farko, daga sati 3 zuwa wajen sati 14, abin da ya saba dashi a lokacin shi zai ɗauka a matsayin ba komai har ya tsufa. Nan ne mutanenmu ke yin akasin abin da ya dace, wai a kulle shi a ɗaki mai duhu kada yaga mutane don ya zama mugu, wasu har barkono suke zuba mashi a abinci. Abin da ake samu a ƙarshe matsoracin kare ne, kuma matsoraci yafi kowane kare saurin cizo, sannan baya bambance ɓarawo da surukarka. Bari yaga yara, yaga mata da hijabi, yaga tsoho da sanda da mai babbar riga, yaji ƙarar babur da janareto da keke napep, ya saba da awaki da kajin gidan tun yana ƙarami ƙarƙashin idonka. Tunda allurarshi bata cika ba kada ka sauke shi inda karnukan titi ke kashi, amma cikin gida da ƙofar gida ya wadatar. Kada kaji tsoron wai zai lalace ya daina gadi, tsare gida a jininshi yake, in ya girma da kanshi zai fara.

Kayan aikinka ba bulala bace, hanta ce. Ka dafa ta ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake ka zuba a leda cikin aljihu. Horo kafin cin abinci ake yi lokacin yana jin yunwa, minti 5 ya isa, sau 2 ko 3 a rana, da safe bayan asuba da kuma yamma in rana tayi sanyi. Sai ka zaɓi kalma guda ta yabo, ni “yawwa” nake so don tana fita da sauri. Dokar ita ce duk lokacin da yayi daidai, a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu kace yawwa ka miƙa hanta. In ka tsaya laluben aljihu har ya tashi ya juya, to tashin ka saka mawa ba zaman ba. Kuma kare bai san turanci ba bai san Hausa ba, sauti yake riƙewa, don haka ba sai ka wahalar da kanka da kalmomin da kaji a bidiyo ba. Abin da ake so duk gidan a tsaya kan kalma ɗaya, ba kai kace zamna, uwargida tace zauna mana, yara suce wani abu daban.

Sunanshi ne farko, gajere mai gaɓa biyu irin Duna ko Zaki. Ka kira, ya waiwayo ya kalle ka, yawwa, hanta. Shikenan darasin kwanakin farko.

Zamna kuma ga yadda ake yi. Ka riƙe hantar tsakanin yatsu daidai hancinshi, yana shinshina sai ka ɗaga hannun a hankali sama zuwa bayan kanshi, zaka ga hancin ya bi hannun, kai ya ɗaga, gindin da kanshi ya sauka ƙasa. Yana taɓa ƙasa, yawwa, ka bashi. Kada ka danna bayanshi da hannu. In yana tsalle to hannunka yayi sama da yawa, in yana ja da baya ka kai shi kusa da bango. Sai ya fara yi ba gardama sannan ka riƙa faɗin “zamna” kafin ka motsa hannu, sau ɗaya tak, don in kana zamna zamna zamna zai koyi cewa sai an faɗa sau uku ake zama. Bayan ya gane sai ka fara yi da hannu ba komai, ladan ya fito daga aljihu daga baya, in ba haka ba zaka samu ɗan kasuwa wanda sai yaga kaya yake aiki.

“Zo” ita ce kalmar da wata rana zata ceci yaron maƙwabta, don haka a lallaɓa ta. Ku zama ku biyu a tsakar gida, wannan ya kira ya bashi, wancan ya kira ya bashi, ana ƙara nisa. Kada ka taɓa kiranshi don ka doke shi, ko da ya yaga maka shadda, in yazo to zuwan zaka yaba. Kuma kada ya zama kullum in ance zo sai sarƙa ta biyo baya, kira shi ka bashi ka sake shi ya koma wasanshi. “Tsaya” daga zamna take fitowa, ka nuna mashi tafin hannu, daƙiƙa biyu, lada, gobe biyar, jibi ka ja taki ɗaya baya. In ya tashi ba faɗa, kayi sauri ne, koma baya kaɗan. Wurin da tafi amfani shi ne bakin get lokacin da ake shigo da mota. “Bari” kuma ka dunƙule hanta a hannu, zai lasa zai tona, kai dai kada ka buɗe, yana janye hanci kace yawwa ka bashi wata daga ɗaya hannun. Wannan ce zata hana shi kajin gida, kuma ita ce matakin farko na hana shi cin abin da aka jefo ta katanga.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, tsalle a jikin mutane da lasa. Yana ƙarami kowa na dariya, ranar da ya girma ya ɗora ƙafafu kan farar rigar baƙo ana shirin tafiya Juma'a ba mai dariya. Maganin shi ne in yayi tsalle ka juya mashi baya, ba magana ba kallo, ko tsawa a wurinshi kulawa ce, ƙafafu huɗu na sauka ƙasa sai ka kula shi. Yara su ma a gaya masu. Kwanonshi daban, wurin kwananshi daban a inuwa nesa da inda ake sallah da alwala, kuma an san hukuncin kwanon da yasa baki, wanki bakwai ne. Kashi ma wuri guda zaka ware, ka kai shi can da ya farka da kuma bayan ya ci, yana yi ka yaba. Dangwara hancinshi a kashin da yayi awa guda baya, bai san laifin mi ake hukunta shi ba, ɓoyewa kawai zai koya.

Ka koyi karanta jikinshi kuma. Ba duk kaɗa bindi bane murna, in jiki ya sandare, bindi a sama yana kaɗawa kaɗan-kaɗan, ido ya kafe, to a ja baya. In yana lasar baki yana hamma yana kauda kai, ko ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, a takure yake. Gurnani gargaɗi ne, in ka doke shi don yayi gurnani zai daina gargaɗin ya riƙa cizo kai tsaye, gara ka duba mi ya jawo. Yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, karya mai jego kuwa a bata wuri, kuma komai hankalin kare ba'a barinshi shi kaɗai da ƙaramin yaro.

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi zaka ga kamar ya manta komai, kana kira yana kallonka yana wucewa. Balaga ce, zata wuce, ka koma darasin farko da doguwar igiya, ka ƙara mashi yawo. Yawon da sassafe ko bayan magariba, in ka ɗora bayan hannunka kan kwalta ka kasa jurewa to shima tafinshi ƙonewa zai yi. In yana jan igiya ka tsaya cak, sai ta saki sannan a ci gaba. Ɗauri dare da rana a sarƙa na haukata kare, ko da rana ne a samu lokacin sake shi.

In kuma tsautsayi ya faɗa ya ciji wani, ko da karce ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Ciwon haukan kare in alamunshi suka bayyana kusan ba'a tashi, amma allurar da ake yi da wuri tana hana shi. Karen kuma kada a yi saurin kashe shi ko a kore shi, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi na dubawa, ka fito da katin allurarshi ka nuna ma iyayen yaron da ma'aikatan asibiti.